Motar da Ke Ja da Tayoyi Huɗu: Abin Dubawa Kafin Zaɓe

Mai neman motar da ke ja da dukkan tayoyinta huɗu ya kamata ya san cewa yawancin motocin zamani ba su raba ƙarfin inji daidai wa daida a kowane lokaci. Kwamfutar motar ce ke yanke hukunci. Tana samun bayani daga na'urorin da ke auna gudun kowace taya, waɗanda birkin ABS, wato tsarin da ke hana tayoyi kullewa idan an taka birki da ƙarfi, ma ke dogara da su, tana kuma lura da yadda direba ya murɗa sitiyari da yadda ya taka totur, sannan ta matse ko ta sassauta wani kuloci mai faifai da yawa da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya.

Tsarin Haldex na ƙasar Suwidin, wanda ya fara fitowa a 1998 kuma Volkswagen da Volvo suka yi amfani da shi sosai, yana barin tayoyin gaba su ɗauki kusan dukkan aikin a kan kwalta busasshiya, abin da ke rage shan mai. Da zarar taya ta fara zamewa, ko kwamfuta ta hango hakan daga taka totur da ƙarfi, sai famfo ya tura mai ya matse kulocin, na baya su kama. BMW kuwa, da tsarinta na xDrive da ta fitar a 2003, ta fi ba tayoyin baya rinjaye, shi ya sa motar ke da daɗin sarrafawa a kwana. Toyota RAV4 mai haɗa fetur da lantarki ba ta da furofela, wato sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya, sam. Injin lantarki ne daban ke juya tayoyin bayan.

A ganina, babban abin da mai saye zai auna shi ne zafi. Kulocin da ke ta kamawa yana saki cikin rairayi ko taɓo yakan ɗau zafi, kuma idan ya kai iyaka kwamfuta za ta sake shi don kada ya ƙone, fitilar gargaɗi ta kunnu, motar ta koma ja da tayoyi biyu a daidai lokacin da aka fi bukatar huɗun. Wanda hanyarsa kwalta ce mai santsi lokacin ruwa, kowane daga cikin tsarukan nan ya ishe shi. Wanda ke shiga jeji da kaya kullum, gara ya nemi mota irin Land Cruiser mai giyar taimako, wato ƙaramar giya da ke ƙara ƙarfin ja a gudu kaɗan.

Idan motar ta hannu ce, a tambayi yaushe aka canja man kulocin, domin nasa daban yake da na giya, kuma sau da yawa mantawa ake yi da shi. A duba tayoyin su zama girma ɗaya, cinyewarsu kuma ta yi kusa da juna, domin taya ɗaya da ta fi sauran ƙanƙanta tana juyawa da sauri, kwamfuta ta ɗauka zamewa take yi, ta riƙa matse kulocin ba gaira ba dalili har ya cinye.