Land Rover, Land Cruiser ko Hilux: wacce tsohuwa za ka jawo gida ka tayar?

A bayan wani gida a Samaru, ƙarƙashin bishiyar darbejiya, akwai wata doguwar Land Rover da ta haura shekara goma ba ta motsa ba. Tayoyinta sun nutse a ƙasa, kaji sun mayar da bayanta akurki. Ƙanina ne ya gan ta, ya kira ni baki na rawa: "Yaya, zo ka gani min, jikinta ko ɗigon tsatsa babu." Na je da ƙaramar guduma da tocila, na shimfiɗa buhu na kwanta a ƙarƙashinta. Bugu uku na yi wa shasin ta wajen baya, a na ukun guduma ta shige ciki, jar ƙasa da ɓawon tsatsa suka zubo min a fuska.

Jikin tsohuwar Land Rover na alminiyom ne, shi ya sa ba ya tsatsa. Shasinta kuwa ƙarfe ne, haka ma bangon da ke tsakanin inji da ƙafafun direba, kuma can ne ciwon yake ɓuya. Duk mai niyyar sayen tsohuwar mota mai jan ƙafa huɗu don ya tayar da ita a gida da hannunsa, ya fara daga ƙarƙashi. Inji ana sauke shi a ɗora wani. Shasin da ya ruɓe ko ya karkace sanadiyyar hatsari, gyaransa ya fi ƙarfin tsakar gida.

Na fara da Land Rover ɗin tunda ita ce ta fi shiga ran mutanenmu. Wanda ya tashi a Zariya ya san ta a hannun malaman gona da na dabbobi, a hanyar Shika da Giwa, ya san ta a hannun soja da 'yan sanda. A 1948 aka fara ƙera ta a Ingila, kuma an taɓa harhaɗa ta a nan gida, a masana'antar Leyland da ke Ibadan. Wadda aka fi cin karo da ita a kangaye ita ce Series III, ta 1971 zuwa 1985, gajera mai inci 88 tsakanin tayoyin gaba da na baya, ko doguwa mai inci 109. Injinta lita 2.25 ne, na fetur ko na gas. Daɗinta ga mai aiki a gida shi ne kusan komai nata da noti aka ɗaure. Fukafukai, ƙofofi, rufi, kujeru, duk za ka kwance su ɗaya bayan ɗaya, kai da yaro guda, ka jingine a bango. Wayoyinta ba su da yawa, injin fetur ɗinta kafireto ne, babu kwamfuta. Idan koyon kanikanci kake so, babu makarantar da ta fi ta.

Sai dai ka san abin da ka ɗauko. Notocin tsofaffin na ma'aunin inci ne, sifanar da kake kwance Toyota da ita za ta riƙa zamewa tana cinye musu kai, dole ka nemi nasu. Sandar aksil ta baya a gajerar tana karyewa idan aka matsa mata a laka da kaya. Doguwar ta fi ta ƙarfi a nan. A gaba akwai wasu ƙwallayen ƙarfe masu sheƙi da taya ke juyawa a kansu, idan suka yi tsatsa suka yi zanzana, mai zai riƙa tsiyaya komai sabon robar da ka sa. Ba ta gudu, birkinta na ganga ne mai son a taka da wuri. Babbar matsalar kuma ita ce kayan gyara. Ana ƙera su sababbi har gobe a Ingila, ba su ɓace daga duniya ba, amma ba a Sabon Gari suke ba. Ƙaramar roba za ta iya zaunar da kai wata guda kana jiran saƙo daga Legas ko daga waje, da kuɗin da canji ya riga ya kumbura. Masu walda da yawa kuma ba sa iya alminiyom, wanda bai iya ba yana sa wuta sai ya ɓula maka ƙofa.

Idan Land Rover ƙirar Defender ce ta faɗo maka, nemi mai injin 200Tdi na 1990 ko 300Tdi na 1994. Td5 da ya zo a 1998 kwamfuta ke sarrafa mansa, wannan ba aikin gindin bishiya ba ne.

Land Cruiser kuwa, a ƙarfi ba ta da na biyu a cikinsu, wannan ba na jayayya a kai. Iri biyu ne suka shafe mu. Akwai tsohuwar mai zagayayyun fitilu, jerin 40, da aka yi daga 1960 zuwa 1984. Akori-kurarta ita ce FJ45, kuma daga 1975 injin 2F take ɗauke da shi, lita 4.2 na fetur. Injin ba ya mutuwa da wuri, amma yana shan mai kamar rairayi, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 wannan ya zama abin da za a zauna a yi lissafi. Jikinta ƙarfe ne, yana ruɓewa ta ƙasan ƙofofi, da daɓen ƙafa, da kusurwoyin baya. Turawa da Larabawa masu tara tsofaffin motoci suna rububinta, dillalai kuma sun ji labari, saboda haka ko gawarta ba ta araha yanzu. Sai jerin 70, wanda aka fara a 1984 kuma ake ƙerawa har yau, abin da ya sa sababbin kayansa ba su yanke ba. Wanda ya samu akori-kura mai injin 1HZ, lita 4.2 na gas mai silinda shida, ya samu abin da zai bar wa 'ya'yansa. Irin injin da ke cikin bas ɗin Coaster da yawa ne, makanikan gas sun san shi. Amma wa zai sayar maka da lafiyayya da sauƙi? Masu haƙar ma'adinai da manyan manoma suna nemanta ido rufe. Wadda ta iso hannunka da araha, galibi an riga an tatse ta. Komai nata kuma nauyi ne da shi: sauke giyabos ɗinta ba aikin mutum biyu da igiya ba ne.

Ni dai, duk wanda ya ce min wannan ne karonsa na farko, Hilux nake nuna masa, musamman ta 1988 zuwa 1997, mai miƙaƙƙen aksil a gaba da sifirin na faranti. Ba ta da kwarjinin waɗancan biyun, yara ba za su bi ta da gudu a unguwa ba. Dalilina ɗaya ne, kuma ya ishe ni: nisan da ke tsakanin ƙofar gidanka da kayan gyaranta. Injin 4Y na fetur da 3L na gas, lita 2.8, duk an sa irinsu a Hiace, motar da ta cika tashoshinmu daga Kwangila har Ƙofar Doka. Gaskit, ringi, boris, famfon ruwa, faifan kuloc, da yawa za ka hau babur ka samo a Sabon Gari kafin la'asar. Abin da ya gagara, ga Panteka a Kaduna, tafiyar kilomita 80 ko kusa da haka, ga Ƙofar Ruwa a Kano. Ka je da safe ka kwana a gidanka. Aikin da ake yi Asabar da Lahadi, idan kowane ƙaramin abu sai an jira mako uku, zuciya ce ke fara mutuwa kafin aljihu. Na ga motoci fiye da ɗaya a garin nan da aka kwance da zumuɗi, shekara ta zagayo suna kan bulo, ƙarshe 'yan gwangwan suka auna su a sikeli.

A Hilux ɗin ma akwai zaɓi. Injin 22R na fetur, lita 2.4, sarƙa ce ke juya taiminsa, kuma kafiretonsa za ka iya wankewa a kan tabarma. Idan ka ji ƙarar sarƙa da sanyin safiya lokacin tayarwa, robobin da ke riƙe ta sun cinye, a canja kafin ta huda murfi ruwa ya haɗu da baƙin mai. Na gas ya fi tsimin mai da ƙarfin ja a laka, amma bel ne da shi, ana canja shi duk kilomita 100,000, kuma tsinkewarsa na nufin bawul ya gamu da fistin. Tunda ba ka san ranar da aka sa na ciki ba, canja shi ranar farko. Famfon gas da nozil kuma ba a taɓa su a gida, sai wurin masu injin gwaji. Mai injin 2L-T, wato mai turbo, a yi hattara da shi: kan injinsa na tsagewa idan ya sha zafi, ga kuma zafin Maris da Afrilu na nan.

Wani abu da ke cin mutane: ba kowace Hilux ke jan ƙafa huɗu ba, kuma ba kowace mai ƙaramar giya ta biyu, wadda makanikai ke kira ogzilari, take aiki ba. Sau da yawa gaban ya lalace, mai ita ya cire farfelar gaba ya jefar, ya ci gaba da dakon masara da ƙafa biyu. Leƙa ka ga farfelar da idonka. Sannan a kai motar kan rairayi ko burji, a kulle makullan tayoyin gaba, a sa ogzilarin, a murɗe sitiyari har ƙarshe a ja a hankali. Idan ka ji ƙas-ƙas-ƙas daga gaba, gaɓar da ke cikin aksil ta tafi. Kada a yi wannan gwaji a kan kwalta, yana ɗaure giya.

Sauran ba zan daɗe a kansu ba. Nissan Patrol Y60 ta 1987 zuwa 1997 mai injin TD42 ƙarfe ce ta gaske, ba bel ba sarƙa, haƙoran giya ke juya taiminta; ƙarancin kayan jiki ne matsalarta a nan. Ƙaramar Suzuki SJ410 ko SJ413 ba ta kai tan ɗaya ba, tana shiga lungun cikin birni, ta dace da mai ƙaramin fili, amma ba ta dakon buhuna. Tsohuwar Pajero araha gare ta, sai dai araha ba ta ado: gabanta na da gaɓoɓi da yawa, injin gas ɗinta 4D56 shi ma ba ya yafe zafi. Peugeot 504 akori-kura ta PAN Kaduna kuwa, duk da ƙaunar da muke mata, ƙafa biyu take ja.

Inda motar ta yi rayuwarta ya fi shekarar haihuwarta muhimmanci. Wadda ta tsufa a nan arewa, rana ta gasa mata fenti, hunturu ya busar da robobi, ɓeraye sun ci wayoyi, amma ƙarfenta na nan. Wadda ta fito Legas ko Fatakwal ta sha iskar teku, 'yar Beljiyam kuma ta sha gishirin da ake zuba wa tituna lokacin ƙanƙara. Tamu ma tana da nata: lakar damina kan cushe cikin shasi ta riƙe danshi shekara da shekaru, ta ci ƙarfen daga ciki, kamar dai waccan ta Samaru. Ƙwanƙwasa inda sifirin ke kamawa da kuma gindin baya. Lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi tangaran, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum. A jikin Toyota ka bi da mayen ƙarfe. Inda ya ƙi kamawa, ƙullun masu fenti ne aka cika rami da shi. Sabon fenti a tsohuwar mota ya kan sa ni ƙara bincike.

Takardu kuma kafin kuɗi. Goge lambar shasi da buroshin waya ka gwada ta da ta takarda harafi-harafi, haka lambar inji. Idan gwanjon ma'aikata ce, a ba ka takardar gwanjon. Idan ta gado ce, magada su sa hannu gaban shaidu, a yi canjin mallaka yadda ya kamata. Ka sayi wani inji, ka adana rasit. Motar da sitiyarinta ke dama, ko dai ta riga sauyin hannu na 1972 ko daga baya aka shigo da ita, juya shi aiki ne babba, ka sa a lissafi. Ranar fenti kuma ka nisanci koren soja, doka ta hana farar hula amfani da shi, a garin da ke da Depot na horar da soja da barikin Basawa kuwa ba sai an tuna maka sau biyu ba.

Game da kuɗi, shawarata kada kuɗin saye ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da ka tanada. Tayoyi biyar, batir, lagireto da birki kaɗai za su ba ka mamaki. A gidan kuma, kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kada ka dogara da bulon siminti, yana fashewa ba sallama. Sa ƙafafun ƙarfe ko kututturen katako mai kauri. Ƙurar tsohon birki kada a hura ta da baki, akwai masu asbestos a ciki, a jiƙa a goge. Kowane noti da ka kwance, a leda da rubutu, ka ɗauki hoto da waya kafin ka taɓa.

Ƙanina ya bar Land Rover ɗin, ransa bai so ba. Mai ita, wani dattijo da ya yi ritaya, ya ce masa, "Ɗana, da tsohuwar zuma ake magani." Ya ce, "Gaskiya ne Baba, amma wannan ta fi ƙarfina." Bayan wata biyu muka samu Hilux mai 22R a wajen Giwa, ta manomi, jikinta duk lotsa, gilashi ɗaya babu, shasi kuwa garau. Da igiya muka jawo ta. Mun fara da birki da sitiyari, sannan lagireto, yanzu muna kan wayoyi. Fenti sai ƙarshe. Yana so ta shiga gona kafin ruwan farko, ni kuma na ce masa sai na ji ogzilarin ya kama a rairayin bakin Kubanni tukuna.