Shagon saka wakoki a memori na Kejetia, abinda na gani

Mama ta kwana biyu tana damuna akan 'yar rediyon nan mai cin memori da yayana ya siyo mata, wai tana so a zuba mata wakokin yabo ta rika ji in tana aikin gida, tunda idonta yanzu baya iya karanta Littafin Wakoki sosai. Ranar Asabar na shiga trotro, wato motar haya, daga Aboabo zuwa kasuwar Kejetia a nan Kumasi, wata 'yar kungiyar mawakan cocinmu ce ta kwatanta min wani yaro mai karamin shago a bangaren masu waya, bazan fadi sunansa ba amma Bahaushe ne dan zango.

Gaskiya yaron yana da ladabi. Ina zuwa yace Anti sannu da zuwa, ya bani kujera, nace masa kanena wakokin Kirista nake so na Hausa da na Twi. Musulmi ne shi, kuma bai boye min ba yace Anti ni fa ban san wanne ne mai kyau a wajenku ba, akwai dai folda da na rubuta gospel, in kinaso in zuba miki duka. Sauri nake, nace zuba. Sidi 20 ya karba, minti goma ma ba'a yi ba ya gama.

To a gida ne na gane nayi garaje. Akwai masu kyau sosai ciki, Panam Percy Paul da Solomon Lange da Mama take so tun da, ga Elder Mireku ga Daughters of Glorious Jesus 'yan nan Kumasi, ga Joe Mettle wanda a 2017 ya zama mawakin bishara na farko da ya ci kyautar gwarzon mawakin shekara a Ghana, har da Diana Hamilton da ta ci tata a 2021. Amma a tsakaninsu kuma akwai wasu da sunan Yesu sau daya kawai zaka ji a farko, sauran duk maganar mota ce da kudi da makiya su fadi su mutu, kida mai dadi kam, kafa har motsi take da kanta, amma da na zauna na saurari kalmomin sai jikina yayi sanyi. Mama bata jin Twi sosai, sai gata tana bin amshi tana la'antar mutane bata ma san me take fada ba! Wannan ne ya fi cin raina. Ni bani da matsala da kida, a cocinmu ma 'yan zumuntar mata suna buga tulu da kacau-kacau muna rawa har gumi, Zabura ta 150 ma cewa tayi a yabe shi da kaho da molo da kuge. Abinda nake dubawa shine me wakar take sa min a baki, domin abinda ka yini kana ji shi zaka tashi da shi da asuba. Kolosiyawa 3:16 tace maganar Almasihu ta zauna a cikinmu a yalwace muna koya wa juna da zabura da wakokin yabo, to wakar da take koya wa tsohuwa addu'ar mutuwar makwabta me ta koyar?

Banda haka wasu wakokin sun maimaitu sau biyu sau uku, wasu kuma sautin kasa-kasa kamar daga cikin rijiya.

Litinin na koma da takarda a hannuna na rubuto sunayen da nake so. Anan yaron ya burge ni, ko daure fuska bai yi ba, ya bani iyafis yace Anti ki zauna ki ji daya bayan daya, wadda baki so mu goge. Kusan awa daya muka yi, kwastomomi na zuwa yana sallamarsu yana dawowa kaina, kuma ko pesewa bai kara karba ba. Wakokin zumuntar mata na Jos ne bashi da su da yawa, guda shida kawai muka samu, yace zai nemo min in leko karshen wata.

Zan koma kuwa. In zaku je ku tafi da safe kafin kasuwa ta cika, ku rike memorinku daga gida, ku nemi iyafis din nan tun kafin ya fara zubawa.