Naira 62,500 suka ci min da sunan intabiyu, masu neman aiki ku ji

Tun shekaranjiya nake son rubuta wannan kunya ta hana ni, yau dai na ce ko dariya za a yi min sai na faɗa. Dubu sittin da biyu da ɗari biyar. 62,500 wallahi, kuma fiye da rabi ba ma kuɗina ba ne, adashin Umma ne da ta ɗauka ta miƙo min ta ce je ka Allah Ya sa albarka.

Mai shirin cewa ai kai ma ka cika garaje dan Allah ya tsaya ya ji. Ni ba yaro ba ne, shekara biyu ke nan da gama bautar ƙasa ina yawo da takardu, na san 'yan damfara, masu kiran nan na wai daga banki ne turo lambar katinka ko sau ɗaya ba su taɓa samu na ba. Amma waɗannan ofis gare su fa, hawa na biyu a wani bene wajen Zoo Road nan Kano, da kujeru da kwamfuta da komai, mu kusan talatin a zaune kowa rungume da fayil har da mai digiri na biyu. Tambayoyi aka yi min na gaske, aka ce albashi 180,000 a wata.

Abin da ya kashe ni shi ne sallar azahar. Ogan da kansa ya cire agogo ya yi alwala ya ja mu sallah, da aka sallame ya juyo ya dafa kafaɗata ya ce ƙanena kai na ga natsuwa a tare da kai, kar ka bari gurbin nan ya wuce ka. Mutum ya ja ka sallah fa! Ƙanena. Har yanzu in na kwanta hannun nan nake ji a kafaɗata, to ku faɗa min wa zai yi zargi a nan?

Washegari na tura 25,000 na gwajin lafiya wai asibitinsu ne zai yi. Af, kafin nan ma akwai 7,500 kuɗin fom, wannan tun a WhatsApp ne kafin in taka ofishin. Sai 30,000 na katin shaida da horo a Abuja, ko ranar Alhamis ne ko Juma'a na manta. Kuma na lura fa asusun sunan mutum ne ba na kamfani ba, na tambaya aka ce na kamfanin ya ɗan samu matsala da banki. Har mai POS ɗin unguwarmu sai da ya ce Malam ka dai san mai asusun nan ko, na ce masa ogana ne. Ogana!

Litinin na saka kaya masu guga na je, kwaɗo a ƙofa. Maigadi ya ce ai sati biyu kawai suka kama wajen, kuma ni ne na tara da ya zo tun safe. Lambobi duk a kashe, an watse da guruf ɗinmu na WhatsApp. Sai a lokacin na duba sunan kamfanin a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, babu shi babu alamarsa, abin da minti biyu ya isa in yi tun farko. Ga kwafin NIN ɗina da takarduna a hannunsu, wannan ma ya hana ni barci.

Rasit da hirarmu duk na ɗauki hotonsu, zan saka anjima in na rufe lambobin waɗanda aka cuta tare da ni, kuma EFCC zan kai. Duk aikin da aka ce kawo kuɗi kafin a ɗauke ka, tashi ka tafi kawai.

62,500. Umma ban faɗa mata ba har yanzu, ɗazu ma da safe sai da ta tambaye ni yaushe za mu tafi Abujan.