Taya na cin gefe: awon ido, zare a gida, ko alaimen na kwamfuta?

Duk mai bin hanyar Illela ko ta Gusau ya san rami ɗaya ya isa ya karkatar da ƙafar mota. Kafin ka kai kuɗinka ko'ina, shafa tayar da tafin hannu. In tsakiya ce ta sule, iska ta yi yawa. In gefe biyun ne tare, iska ta yi kaɗan, wannan aikin mai faci ne. Amma in gefe ɗaya ne, ko ka ji zanen yana kartar hannunka kamar haƙoran zarto, to alaimen take so, wato a daidaita miƙewar ƙafafun motar.

Wanda zai tsuguna gaban mota ya kanne ido ɗaya ya ce ta miƙe, wuce shi kawai.

Ni dai zare na fi so, don da idona nake ganin awon. Ka sami daɓen siminti mai daidaito, ba yashin ƙofar gida ba, kuma da sassafe, tun rana ba ta gasa tayoyin ba, don zafin Sakkwato yana ɗaga awon iska. Daidaita iskar duka huɗun, miƙar da sitiyari, ka bar motar a ƙasa da nauyinta, kada ka ɗaga ta da jak. Ja zare mai ƙarfi ta kowane gefe daga gaba zuwa baya, daidai tsayin tsakiyar wili, ka ɗaure a jikin bulo. Tazarar da ke tsakanin zaren biyu a gaba ta zama daidai da ta baya. Sai ka ɗauki rula ka auna daga zare zuwa bakin wili ta gabansa, ka sake aunawa ta bayan wilin nan. A yawancin ƙananan motoci bambancin bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba, amma bi abin da littafin motarka ya ce. In ya zarce, sassauta notin tairod, wato ƙarfen da ke haɗa sitiyari da ƙafar mota, da sifana, ka juya tairod ɗin kaɗan-kaɗan, hagu da dama daidai wa daida don kada sitiyari ya karkace. Tura motar gaba da baya, sake awo, sannan ka ɗaure notin tamau. Kada ka taɓa mance wannan notin, rai ne a kansa.

Iyakar zare ke nan, buɗewa da tsukewar bakin taya. In tayar ta kwanta ciki ko waje, ko motar ta taɓa yin karo, sai na'urar kwamfuta.

To a nan ne ake cutar mutane. An taɓa hawar min da mota kan na'ura a wani wuri, aka nuna min allo ya yi kore, na biya. Ban daɗe ba sabuwar tayata ta sule ta ciki. Ashe kan tairod ya mutu, babu wanda ya duba. Alaimen a kan tairod ko boljoyin (mahaɗar ƙafar mota) ko bushin (robar da ke tsakanin ƙarafan ƙafar) mai rawa asarar kuɗi ce, ramin farko zai warware shi. Don haka ka ce a ɗaga motar a gabanka, a kama tayar ta dama da hagu a girgiza, a sake kamawa sama da ƙasa. In ta yi ƙwas-ƙwas, sauya kayan tukuna. Ka kuma nemi ganin awon kafin a taɓa da bayan an gama, ka tabbatar sunan motarka da shekararta aka zaɓa a allon. Wasu balansin kawai za su yi, wato daidaita nauyin taya, su kira shi alaimen, alhali aiki biyu ne daban.

Sai masu cewa, "Alhaji, wagga taya ta mutu, ga 'yar Beljiyam mai kyau." Duba jikinta. A ƙarshen rubutun da ya fara da DOT akwai lamba huɗu masu nuna lokacin da aka ƙera tayar, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Akwai masu kankare lambar, akwai masu sake yanka zane a tsohuwar taya su shafe ta da baƙin mai. In lambar ta goge ko ka ga tsattsagewa a gefe, bar musu kayansu, don irin wannan tayar ce ke fashewa a kan kwalta cikin zafin Afrilu.