Jan maganin ƙarin jini na wurin awo: yana aiki, amma bayani ya yi kaɗan

Ƙwadago nake yi a gonakin shinkafa na Kadawa, dashe da cirar ciyawa. A cikina na uku ne na riƙe shan jajayen ƙwayoyin da ake bayarwa wurin awo har na haihu, kuma na ga amfaninsu.

Kafin na fara, in na ɗago daga sunkuyon dashe sai duhu ya rufe mini ido, ga haki, ga kwaɗayin farar ƙasa da ba ya barina. Malamar awo ta ja fatar idona ta ƙasa ta ce fari fat. Gwaji ya nuna jinina bai kai 11 ba, ma'aunin da ake cewa mai ciki na da ƙarancin jini ke nan. Aka ba ni ƙwayar sinadarin ƙarfe da folik asid, kullum. Bayan 'yan makonni jirin ya lafa, farar ƙasar ma ta fita daga raina.

Ƙorafina shi ne babu wanda ya faɗa mini bayan gida zai koma baƙi, ko cewa maganin kan ɗaure ciki ya tayar da zuciya. Abokan aikina da yawa nan suka watsar da nasu, wasu kuma don jita-jitar wai yana ƙara wa jariri girma haihuwa ta yi wuya. Sai daga baya wata unguwarzoma ta ce, "'Yata, ki sha da dare bayan tuwo, ki raba shi da shayi, shayi na hana jiki karɓarsa. Lemo ko gwaiba ne abokan tafiyarsa." Tun daga nan na samu sauƙi.

Mu masu shiga laka ba takalmi, ƙwayar kaɗai ba ta isa ba. Akwai tsutsar da ke shiga ta fatar ƙafa ta je hanji tana zuƙar jini, ga sauron fadama. Shi ya sa bayan wata ukun farko suka ƙara mini maganin tsutsa da Fansidar na kariya daga zazzaɓin cizon sauro, da gidan sauro. Zogale da wake kuwa dama muna da su.

Wahalar ita ce ranar awo. Rana ɗaya ce a mako, da safe, ga layi har azahar, kuɗin aikin yinin kuma ya tafi. Da za su buɗe da la'asar lokacin dashe, da matan gonarmu da yawa sun je.