Rubutun ƙasan hoto: gajere ko mai bayani?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin tambaya wanne ya fi kawo ciniki idan kin ɗora hoton atamfa: ki jefa kalma biyu ki wuce, ko ki tsaya ki yi bayani. Ga su nan a kan hoto ɗaya.

Na farko: "Sabon kaya ya iso, a yi mana magana."

Na biyu: "Atamfa koriya mai ratsin ruwan goro, turmi yadi 6, naira 18,000. Saura turmi huɗu. Muna Kasuwar Bacci, ana kaiwa Kawo da Barnawa, kuɗin mai Keke daban."

Na farkon ba ya cin lokaci, iyakar amfaninsa ke nan. Duk wadda ta gani sai ta tambaya: nawa ne, ina kuke, akwai saura? Na daɗe ina yin haka. Waya ta wuni tana ƙara, ina ta amsa "nawa ne" har bayan isha'i, da yawa kuma da sun ji kuɗin shi ke nan, ɗif.

Na biyun ya faɗi abin da ido ba zai gani a hoton ba. Zanen atamfar kowa ya gani, amma farashi da tsawo da inda rumfa take sai an rubuta. Har launin ina rubutawa, domin hasken waya yana yaudara. Wata baiwar Allah ta taɓa dawo min da turmi tun daga Unguwar Rimi, ta ce shuɗi ta gani a wayarta, mai Keke ya miƙa mata kore. Kuɗin zuwa da dawowa daga aljihuna ya fita, kuma gaskiyarta ce.

Sai dai bayani daban, surutu daban. Instagram yana karɓar haruffa har 2,200, amma kusan 125 na farko kawai ake gani kafin ya datse sauran. Don haka farashi da wuri su zo a gaba, gaisuwa da addu'a su biyo baya. A status na WhatsApp kuwa, inda hoton ke ɓacewa bayan awa 24 kuma mutane suna wucewa da sauri, layi biyu sun isa, in ya yi yawa ma rufe kayan yake yi.

Gajere yana da wurinsa. Hoton suna ko walima, "Walimar ƙanwata, Tudun Wada, ranar Asabar" ya wadatar.

Na san wasu suna ɓoye farashi don kada maƙwabtan rumfa su gani. Hajiya, maƙwabciyarki ma Kantin Kwari take sari, ta riga ta san kuɗin. Mai saye ce kaɗai ba ta sani ba, ki rubuta mata.