Sharhi: Tecnica Zero G Tour Pro a siririyar ƙafa

Takalmin zamiyar dusar ƙanƙara da nake hawa tsaunukan kewayen Grenoble a Faransa da shi yanzu shi ne Tecnica Zero G Tour Pro, kuma abu ɗaya ne ya sa na tsaya a kansa, wato ya riƙe mini dunduniya. Ƙafata doguwa ce marar faɗi, doronta a kwance, idon sawu babu nama. Mai irin wannan ƙafa ya san wahalar sayen takalmi ko da na zuwa ofis ne, balle wanda za a kwashe sa'o'i ana hawan dutse a cikinsa.

Bari in ɗan yi bayanin wasan saboda wanda bai san shi ba. A wuraren zamiya irin su Chamrousse, inda aka yi tseren gangara a gasar Olamfik ta hunturu ta 1968, kujerun igiya ne ke kai mutum sama, shi dai nasa gangarowa. Takalmin can ƙato ne mai nauyi, a sandare yake. Namu kuwa da ƙafarka za ka hau. Ana manna wata fata mai gashi a ƙarƙashin allunan zamiya, gashin ya kwanta gefe guda, sai allo ya zame gaba amma ya ƙi komawa baya. Wasu ƙusoshi biyu na mariƙin da ke kan allon ne ke kama kan takalmin ta ramukan da ke gefensa, dunduniya kuma a sake take, tana ɗagawa a kowane taku. Wani ɗan Austriya, Fritz Barthel, shi ya ƙirƙiro wannan tsari a shekarun 1980, kamfanin Dynafit ya yaɗa shi. In an kai ƙololuwa sai a ɓare fatar, a kulle dunduniya a kan allo, a danne wani ɗan ƙarfe da ke bayan takalmin, wuyansa ya sandare, a gangaro. Takalmi ɗaya ke nan ake so ya yi laushi a hawa, ya yi tauri a sauka.

Takalman haya da na fara da su duk sun yi mini yawa ta faɗi, kuma abin da ke biyo baya iri ɗaya ne kullum. A hawa, dunduniya na sama da ƙasa a ciki kamar taɓarya a turmi, kafin a yi nisa fata ta yi bororo a gefen ciki, ƙasa kaɗan da idon sawu. A gangara kuma ƙafa ta zame gaba, babban yatsa ya riƙa dukan bakin takalmi har farce ya yi baƙi. Sai mutum ya ce bari ya ƙara matse maɗaurai. Nan ne aka fi shan wuya, domin maɗaurin da ke kan doron ƙafa yana danne jijiyoyin jini, yatsu su yi sanyi su mutu murus, dunduniyar kuma ba ta fasa motsi ba. Safa mai kauri ko safa biyu ba sa maganin komai. Naɗewa suke yi, su tara gumi, su ƙara gogar fata.

Lambobi biyu ake dubawa wajen zaɓen takalmi. Ta farko tsawon ƙafa ne da santimita, abin da suke kira Mondopoint, kamar 26.5 ko 27. Ta biyu faɗin cikin takalmin ne da milimita a wurin da ƙafa ta fi faɗi, gindin yatsu. Abin da bai wuce 98 ba shi ne matsattse, 99 zuwa 101 tsaka-tsaki, daga 102 zuwa sama na masu faffaɗar ƙafa ne. Sai dai wannan lamba ta biyu tana ruɗin mutane. Kamfanoni kan auna ta ne a takalmi mai lamba 26 ko 26.5, kuma tana ƙaruwa da kusan milimita 2 a duk lamba ɗaya da aka hau. Wanda ke sa 29 ya ga an rubuta 98, abin da zai shiga ya fi haka faɗi sosai. Babban abin ma shi ne lambar ba ta cewa komai game da ramin dunduniya ko tsayin rufin da ke kan doron ƙafa, alhali can ne matsalar mai siririyar ƙafa take. Shi ya sa Zero G, da aka rubuta masa 99, ya fi riƙe ni a kan wani da aka rubuta wa 98.

A wani ƙaramin shago na saye shi, wajen wani dattijo da aikinsa ke nan tun kafin a haife ni. Bai tambaye ni lambar da nake sawa ba. Ya ce in cire safa, ya auna ƙafafun biyu ina zaune, ya sake aunawa ina tsaye, sannan ya zagaya da tef daga bayan dunduniya zuwa lanƙwasar doron ƙafa. Ya zare takalmin ciki na soso daga ɓawon roba, ya ce in zura ƙafa tsirara a ɓawon, in matsa gaba har yatsu su taɓa baki. Ya haska tocila ta baya ya leƙa.

"Ɗana, wace lamba suke ba ka a wajen haya?"

Na ce 27.5.

"Yatsuna uku za su shiga bayan dunduniyarka a wannan lambar. Santimita ɗaya da rabi muke nema, in ya yi yawa biyu. Kai 26.5 ne."

Na ce, "Baba, ai yatsuna suna taɓa gaba."

Ya ce in ɗaure, in lanƙwasa gwiwa in jingina ƙwauri a kan harshen takalmin. Ina yin haka dunduniya ta koma cikin raminta, yatsu suka ja baya. Ya ce abin da zan riƙe shi ne, ɓawon da ya matse a wuri ɗaya zai iya gasa shi ya buɗa, wanda ya yi yawa kuwa babu injin da ke rage shi. A nan na kuma ji cewa a yawancin kamfanoni 26 da 26.5 ɓawo ɗaya ne, bambancin a cikin soso yake. Scarpa ce ke raba nata daban, 25.5 da 26 suke tarayya.

Na gwada huɗu a ranar. Scarpa Maestrale, wanda abokin hawana ba ya sa wani sai shi, an yi shi ne don ƙafar da ta fi tawa cika, na ji fili a saman doro tun kafin in taka. Lange XT3 mai faɗin 97 ya kama ni ko'ina kamar don ni aka ƙera shi, amma nauyinsa na wanda rabin zamiyarsa a kujerun igiya yake yi ne. Atomic Backland mai 98 ya ba ni sha'awa ƙwarai, ba nauyi, tafiya a cikinsa daɗi. Abin da ya hana ni ɗaukarsa daga wajena yake. Da girma na koyi zamiya, kuma wanda bai taso a kan allo tun yana yaro ba yana bukatar takalmin da zai tallafe shi in dusar ta yi gardama. Zero G yana da maɗaurai huɗu da ɗamara a sama, nauyin ƙafa ɗaya kusan giram 1,300, ga tauri a gangara. Shi ya faɗo a tsakiyar abin da nake nema. A yankin Montebelluna na arewacin Italiya kamfanin Tecnica yake, inda sana'ar takalman dutse ta yi kaka-gida, Scarpa ma tana nan kusa a Asolo.

Sayen ba shi ne ƙarshen aikin ba. Dattijon ya fara da shimfiɗar tafin ƙafa, ya cire siririyar da ta zo da takalmin ya gasa mini wata a kan siffar tafina. Na ɗauka neman ƙarin kuɗi ne, sai ya nuna mini yadda tafina ke bajewa in na taka, ƙafar ta ƙara tsawo, idon sawu ya karkata ciki ya goga roba. Da aka tallafi kwarin tafin, duk wannan ya tsaya. Daga nan ya sa takalman ciki a tanda suka yi laushi, ya sa mini hular roba a kan yatsu don a bar musu fili, aka ɗaure, na tsaya kamar minti goma gwiwa a ɗan lanƙwashe har suka huce. Zafi da matsi a wannan tsayuwar ba kaɗan ba ne, kowa haka yake ji. Wuri ɗaya kawai aka taɓa a ɓawon, daidai ƙashin gindin ƙaramin yatsa na dama. An yi wa robar 'yan ƙananan ramuka a wuraren da aka saba buɗawa don ta karɓi zafi ta riƙe sabuwar siffa. Robar Grilamid ce, siririya, ba a ba wa ɗan koyo ya gasa ta.

Inda na fi gwada shi shi ne Chamechaude, tsauni mafi tsawo a jerin tsaunukan Chartreuse kusa da Grenoble, mita 2,082, wanda ake hawa daga mashigar Col de Porte. A hawa nakan saki maɗaurai biyu na sama da ɗamara, in bar na ƙasa a ɗan kame, in ɗaga ƙarfen baya. Wuyan takalmin na lilo gaba da baya, digiri 55 a lissafin kamfanin, wanda ya ishe ni a kan gangaren da ke da tsayi. Abin da na fi lura da shi shi ne wajen juyawa a kusurwa, inda ake ɗaga allo ɗaya a jefa shi ɗaya gefen ana tsaye da ƙafa guda a kan tudu. Da takalmin da ya yi yawa, ƙafa ke fara juyawa a ciki kafin allo ya biyo. Yanzu tare suke tafiya. A ɗan dutsen ƙarshe, inda ake ajiye alluna a ƙarasa da ƙafa, ƙasan takalmin na robar kamfanin Vibram ya kama dutse yadda ya kamata. Bororo kuwa ban sake ganinsa ba.

A gangara ne kuɗina ya fito. An rubuta masa taurin 130, ko da yake wannan lamba ba ta da ma'auni ɗaya tsakanin kamfanoni, kowa da yadda yake ƙirga tasa. Abin da na sani shi ne a dusar da rana ta narkar da samanta dare ya daskarar, wadda allo ke fasa ɓawonta ya nutse, ina jingina ƙwauri takalmin ya karɓe ni bai lanƙwashe ba. Kuma ba na ɗaure maɗaurin doro fiye da haƙori na biyu. Jini na gudu, yatsu na motsi, sanyin da nake ji a da ya ragu da yawa duk da cewa soson wannan ya fi na haya siranta. Safa ɗaya nake sawa, siririya ta ulun merino mai kaiwa gwiwa.

Akwai abubuwan da duk mai sayen irin wannan takalmi zai haƙura da su. Roba na ƙara tauri a sanyi, don haka takalmin da ya kwana a bayan mota shigarsa sai an yi gumi. Ni a gaba nake ajiye nawa kusa da hita, kuma da alwalata nake fitowa daga gida, don cire shi a tsakiyar dusa ba ƙaramin aiki ba ne. Sannan soson ciki, ko na wane kamfani ne, yana lotsawa da amfani. Mai cikakkiyar ƙafa ba zai damu ba, shi daɗi ma zai ƙara ji. Mu kuwa milimita biyu in suka tafi, dunduniya ta fara motsi ke nan. Da na fara jin alamar haka wajen ƙarshen hunturu na koma shagon, aka manna wasu 'yan faci na soso masu lanƙwasa a bayan idon sawu ta wajen takalmin ciki, aka sa wani siririn fefe a ƙarƙashin shimfiɗar tafi don ya ɗaga ƙafar ta cike rufin. Aikin bai kai rabin sa'a ba. In wannan ya daina isa, mataki na gaba shi ne sabon takalmin ciki mai kauri, irin na kamfanin Intuition na Vancouver a Kanada, wanda masu siraran ƙafa da yawa ke komawa gare shi.

Ba kowa zan ce ya saya ba. Mai faffaɗar ƙafa ko mai tudun doro zai sha matsi, gara ya duba wajen Dynafit Radical Pro mai faɗin 103.5 ko Maestrale ɗin nan. Wanda burinsa doguwar tafiya a shimfiɗaɗɗen kwari da saurin hawa, takalman da ke wajen kilo ɗaya za su fi yi masa, taku a cikinsu ya fi sakewa. Mata kuma su nemi samfurin da aka yi musu, wuyansa ya fi gajarta saboda inda dambubu ke farawa. A kuma tuna ƙasan wannan takalmi na hawa ne, ba kowane mariƙin allo na wuraren kujerun igiya ke karɓarsa ba. Tsawon ƙasan da milimita yana rubuce a gefen dunduniya, kuma in an sauya takalmi dole a kai alluna a sake daidaita mariƙin da wannan lamba.

Kuɗinsa ba wasa ba ne, ga na shimfiɗar tafi a kai. Wajen watan Maris zuwa Afrilu shaguna kan karya farashi, sai dai lambobin tsakiya irin 26.5 da 27.5 su ke fara ƙarewa. Ban ba da shawarar saye ta intanet ba sai ga wanda ya riga ya san ɓawon a ƙafarsa. A je shago da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za a riƙa hawa da ita, a zauna cikin takalmin aƙalla minti ashirin, a buɗe ƙarfen baya a taka matakala in akwai. Kafin a biya, a tambaya ko gyaran da za a dawo yi daga baya yana cikin kuɗin. A shagon da na saya yana ciki har tsawon shekara guda.